Me ake sawa a jirgin ruwan yawon shaƙatawa, kuma wa ke da hurumin yi wa wani magana?

Tambaya: Ni da maigidana za mu yi tafiyar kwana 7 a jirgin ruwan yawon shaƙatawa a Bahar Rum, kuma wannan ne karonmu na farko. An ce mana akwai daren da dole sai kowa ya ci ado na musamman. Wata da ta taɓa zuwa ta ce fasinjoji kan ƙare wa mutum kallo daga sama har ƙasa, wasu ma har ƙara suke kaiwa in ba ka sa abin da ya dace ba. Maigidana kuwa ba ya son kwat ko kaɗan. Shin za a hana mu shiga wurin cin abinci? In kuma wani ya yi mana kallon raini, mu muka jawo wa kanmu?

Amsa:

'Yar'uwa, na yi shekaru ina aiki a ɗakunan cin abinci na irin waɗannan jirage. Da ɗaukar faranti na fara, na ƙare ina tsaye a bakin ƙofa ina tarbar fasinjoji ina raba musu tebura. Wato ni ne mutumin nan da kike fargabar zai mayar da maigidanki. To, ki kwantar da hankalinki. A yawancin jiragen da ke zagaya Bahar Rum a yau, namijin da ya zo da dogon wando mai duhu, da riga mai ƙwala a goge, da takalmi rufaffe, babu mai tsayar da shi, ko da a daren ado ne. Waɗanda nake mayarwa su ne masu zuwa da gajeren wando, ko singileti, ko kayan ninkaya, ko silifas na roba, ko hular hana-sallah a ka. Su ɗin ma ba kora ake yi ba. A hankali nake matsawa kusa da mutum, yadda na bayansa ba zai ji ba, in ce masa teburinsa na nan yana jiransa in ya je ya canza, in kuma ba ya son canzawa ga wurin ɗebi-da-kanka can a sama, abincin duk daga hannun masu girki ɗaya ya fito.

Sai dai na ce yawanci, ban ce duka ba. Abin da zai yanke miki hukunci shi ne sunan kamfanin da kuka sayi tikitinsa, don tazarar da ke tsakaninsu a wannan harka ba ƙarama ba ce. Cunard, mai jirgin Queen Mary 2 da ke ratsa Tekun Atilantika tsakanin Southampton da New York, shi ya fi kowa riƙo da tsohuwar al'ada. A darensu na ado, wanda suke kira Gala Evening, daga ƙarfe 6 na yamma ana son namiji ya sa baƙar kwat mai sheƙi a ƙwala, wadda ake kira tuksido, ko aƙalla kwat mai duhu da naktayi, mace kuma doguwar rigar biki. Dokar ba ta tsaya a ɗakin cin abinci kaɗai ba, ta shafi yawancin wuraren zama na jirgin, amma sun ware wasu wurare ga wanda ba ya son shiga cikin hidimar. Carnival da Royal Caribbean da Celebrity suna da nasu daren, kowa da sunan da ya ba shi: Cruise Elegant, Dress Your Best, Evening Chic. A wurinsu abin ya fi kama da gayyata fiye da umarni. Norwegian kuwa tun shekarar 2000 ya fito da tsarin da ya kira Freestyle, ya soke tilascin lokacin cin abinci da tilascin ado gaba ɗaya. Viking ba shi da daren tuksido sam. Virgin Voyages ma haka, sai dai suna da dare guda da ake so kowa ya sa wani abu ja. Ki duba takardar da kamfaninku ya aiko muku tun kafin ki fara haɗa kaya, domin sukan sauya dokokin nan lokaci zuwa lokaci. A tafiyar kwana 7 an fi yin daren ado sau 2, kuma takardar shirye-shiryen da ake ajiye muku a ɗaki kullum, ko manhajar jirgin a waya, za ta gaya muku wane dare ne.

Game da maigida da ƙin kwat, akwai wata ƙofa da mutane da yawa ba su san a buɗe take ba. Kamfanonin da suka fi tsanani ma suna karɓar kayan biki na gargajiya na ƙasar mutum a matsayin cikakken ado. Na tarbi 'yan Sikotland cikin ɗan zanen nan nasu mai gida-gida, na tarbi matan Indiya cikin sari, na tarbi mazan Filifin cikin farar rigarsu mai aiki wadda ba a cusa ta a wando, babu ko ɗaya da aka tambaye shi ina naktayinsa. Sharaɗin kawai shi ne ya zama kayan da a ƙasarsu da shi ake zuwa babban taro. Ke ma in mai rufe jiki ce, doguwar riga mai dogon hannu ta cika dokar har da ƙari. Dokar cire hula kuwa hana-sallah ake nufi da irin hulunan rana. Tsawon aikina ban taɓa ganin an taɓa wani saboda abin da ya rufe kansa da shi don addini ba.

Yana da kyau ki san inda abin ya samo asali, don shi zai fahimtar da ke dalilin da ya sa wasu fasinjoji ke ɗaukar zafi a kansa. Waɗannan jirage jikokin manyan jiragen fasinja ne da suke haɗa Turai da Amurka kafin zuwan jirgin sama. Cunard ɗin nan tun 1840 yake wannan zirga-zirga. A wancan zamani jirgi a rabe yake aji-aji, kamar yadda aka yi a Titanic a 1912: aji na ɗaya, na biyu, na uku, kowanne da ɗakin cin abincinsa da inda aka yarda ya taka. Masu aji na ɗaya kullum sai sun canza kaya kafin abincin dare, in ban da daren farko, saboda akwatuna ba su gama isa ɗakuna ba. Shi ya sa har yau da wuya ki ga an sa daren ado a ranar da aka shiga jirgi. A lokacin tufafi shi ne shaidar ajin mutum, da an gan ka an san ko nan ne wurinka. Sai 1958 ta zo, shekarar da jirgin sama Boeing 707 ya fara jigilar fasinja daga New York zuwa Paris, tafiyar kwanaki ta koma ta sa'o'i. Kasuwar tsallaka teku ta mutu a hankali, masu jirage suka koma sayar da tafiyar kanta a matsayin hutu. Carnival, wanda Ted Arison ya kafa a 1972, ya gina kasuwarsa ne a kan mutanen da a da ba su taɓa tunanin shiga irin wannan jirgi ba. Daga nan adadin fasinjoji ya yi ta hauhawa, har aka kai ga Icon of the Seas da ya fara aiki a 2024, wanda in ya cika maƙil yakan ɗauki fasinja wajen 7,600. Gari guda ke nan a kan ruwa. Mutanen da suka taru daga ƙasashe da dama, da aljihu iri-iri, da shekaru iri-iri, ba za su taɓa yin ittifaƙi a kan ma'anar "kayan kirki" ba.

Amma daren ado bai mutu ba, kuma dalilai biyu ke riƙe da shi. Na farko kuɗi ne: a daren ne masu ɗaukar hoto na jirgi suke kafa fitilunsu a kowane lungu, a ranar ne wurin gyaran gashi yake cika, kuma mutumin da ya ci ado hannunsa ya fi sakewa wajen saye. Na biyun shi ne wanda nake girmamawa. Akwai mutanen da wannan daren suka zo nema. Ba zan manta da wani dattijo da matarsa ba, da suka zo murnar cika shekara 50 da aure. Matar ta gaya mini sun daɗe suna tara kuɗin tafiyar, rigar da ke jikinta kuma tun watanni ta ɗinka ta ajiye. Suna cikin cin abinci sai ga wani saurayi ya ratso ta ƙofar gefe da singileti da wandon ninkaya, gashinsa na ɗigar ruwa, ya nufi teburin da ke dab da nasu. Na je na mayar da shi, kuma har gobe ina ganin daidai na yi. Shi bai rasa komai ba, jirgin cike yake da wuraren da zai ci abinci a yadda yake. Su kuwa ɗaki ɗaya suke da shi, dare ɗaya. Kamfani ya yi musu alkawarin yanayi na musamman a wannan ɗakin, kuma da kuɗinsu suka saya. Saboda haka ba na tare da masu cewa "na biya kuɗina, abin da na ga dama zan sa". Wanda ke kusa da kai ma ya biya. In ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma sai ka nemi taka ka ɗaura, musamman tunda kai ka zaɓi garin da kanka alhali ga wasu garuruwan da ba a tambayar jela.

Yanzu ga ɓangaren tambayarki da ya fi damuna, wato kallon raini. Abin da ƙawarki ta faɗa gaskiya ne, akwai masu yi. Kusan kowane daren ado sai wani ya zo ya raɗa mini a kunne cewa ga wane can bai sa naktayi ba, ga wance can da takalmin motsa jiki. Abin da ke raina game da su bai taɓa canzawa ba: doka tsakanin fasinja ce da kamfani, kuma ma'aikata aka ɗora wa tsare ta. Tikiti bai ba kowa muƙamin alƙali ba. Mai tsaron ƙofa yakan san abubuwan da mai kallo daga teburinsa bai sani ba.

Akwai daren da wata mata ta kira ni cikin fushi tana nuna wani bawan Allah da ya shigo da wandon motsa jiki mai roba a ƙugu da takalmi mai taushi buɗaɗɗe. Ta ce ya ɓata wa kowa dare, ta ce in ba zai iya sayen kwat ba me ya kawo shi. Abin da ba ta sani ba, kuma ba ni da ikon gaya mata, shi ne tun da rana matarsa ta zo ta same ni. An yi masa babban aiki a ciki bai daɗe ba, ba ya iya ɗaura bel, ƙafafunsa kuma a kumbure suke. Ta tambaye ni cikin jin nauyi ko za a bar shi ya shigo, don shi ya ce gara ya zauna a ɗaki kada ya ba ta kunya. Ni na roƙe ta ta kawo shi. Da na ga yadda ya sunkuyar da kai lokacin da ya lura ana nuna shi da yatsa, raina ya ɓaci ƙwarai, kuma har yanzu in na tuna sai na ji abin ya tsaya mini. Wannan ba shi kaɗai ba ne. Kusan kowace tafiya akwai wanda akwatinsa ya maƙale a filin jirgin sama, jirgin ruwa ya tashi ya bar shi, yana ta bin mu tasha-tasha, mai shi kuma yana fama da kayan da ya shigo da su da ɗan abin da ya samu a kantin jirgi. Akwai mai ciwon suga da likita ya hana shi matsattsen takalmi. Akwai yaron da fatarsa ba ta jure ƙwala mai tauri. Akwai wanda kuɗinsa iyakar tikiti suka tsaya. Ido ba ya ganin ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Haka kuma ado ba ya gaya maka komai game da aljihun mutum, balle halinsa. Na ga masu manyan ɗakunan da suka fi kowanne tsada a jirgi suna yawo da tsohuwar riga da ta koɗe, na ga masu ɗakin ciki marar taga sun fito kamar za su gaban sarki. Mu ma'aikata da wani ma'auni daban muke gane fasinja, kuma cikin kwana biyu mun gama saninsa. Yawancin masu gyara ɗaki da masu kai abinci daga Filifin suke, da Indonesiya, da Indiya, suna yin wata 6 zuwa 9 a kan ruwa ba tare da ranar hutu cikakkiya ba, sun bar 'ya'ya a gida. Yarjejeniyar ƙwadago ta ma'aikatan teku ta 2006 ta ce a ba su hutun aƙalla sa'a 10 cikin kowace 24, da sa'a 77 a mako, ki lissafa da kanki abin da ya rage na aiki. Fasinjan da ya karanta sunan da ke maƙale a ƙirjin mai yi masa hidima ya kira shi da shi, ya gaishe shi da safe, ya yi haƙuri in an samu jinkiri, shi ne mutumin kirki a idonmu ko da me ya sa. Wanda kuma yake kaɗa yatsa yana kiran babban mutum kamar yana kiran yaro, tuksidonsa ba ta rufe masa komai. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, a teku ma haka take.

Ladabin da ya fi shafar zaman jirgi ma ba na tufafi ba ne. Wanke hannu kafin shiga wurin cin abinci shi ne kan gaba, saboda ƙwayar cutar amai da gudawa da ake kira norobairos tana yaɗuwa da sauri inda dubban mutane ke kama cokalin zuba abinci ɗaya. Da sabulu da ruwa ake wankewa, man shafawa na hannu kaɗai ba ya kashe ta sosai. Kada a ɗauki abinci da hannu, kada a koma layi da farantin da aka ci a ciki. Sai rigimar da ta fi kowacce yawa a kowane jirgi: mutum ya tashi da asuba ya shimfiɗa tawul a kan kujeru huɗu a bakin wurin ninkaya, ya tafi bai dawo ba sai azahar. Wannan ya fi ɓata wa mutane rai fiye da rashin naktayi sau goma. A lifta a bar masu fita su fita, a ba masu keken guragu da tsofaffi hanya, wanda ƙafarsa ke da lafiya kuma hawa ɗaya ko biyu ya bi matakala. A baranda a rage murya, bangon da ke tsakaninku da maƙwabta siriri ne. Shan taba a baranda kuwa yawancin kamfanoni sun haramta, kuma da dalili. A 2006 wuta ta tashi a barandar jirgin Star Princess ta cinye ɗakuna da dama, mutum ɗaya ya rasu, masu bincike kuma suka ce mai yiwuwa guntun sigari ne da aka jefar. Tsoron gobara ne ma ya sa ba a yarda a shigo da dutsen guga ba, in an gan shi a akwati za a karɓe a ajiye sai ranar sauka. Don haka rigar maigida ta daren ado a miƙa ta ga masu wanki na jirgi tun ranar farko, kafin layi ya yi tsawo, ko a goge ta a ɗakin wanki na fasinjoji in jirginku yana da shi.

Inda tufafi zai iya jawo muku matsala ta gaske shi ne a ƙasa, ranar da jirgi ya tsaya a tasha. Can doka ce ta masu gari, babu ruwanta da ra'ayin fasinja. In kun sauka a tashar Civitavecchia ta Italiya kuka shiga birnin Rum, ba a barin kowa ya shiga majami'ar St Peter da ke Fadar Vatican da kafaɗa ko gwiwa a buɗe, mace ko namiji, kuma masu gadi suna mayar da mutane bayan sun sha dogon layi a rana. In hanyarku ta bi ta Istanbul, a masallacin Sultan Ahmed ana cire takalmi, mata kuma su rufe kai. Barcelona ta hana yawo a titi da kayan ninkaya ko babu riga, Sorrento da ke Italiya ma ta bi sahu, kuma tara ake ci. Wata rana in kun nufi tsibiran Karebiyan, ku sani cewa a Barbados da Jamaika da Trinidad da Tobago haramun ne farar hula ya sa tufafi mai dabbare-dabbare irin na soja, ko da wandon yaro ne. Mayafi marar nauyi a jaka da takalmin da za a iya dogon tafiya da shi a kan duwatsun titi za su fi yi muku amfani fiye da rabin kayan kwalliyar da mutane ke cika akwati da su.

Kin tambaya ko ku kuka jawo wa kanku in an yi muku kallon raini. In kun karanta dokar jirginku kun bi ta gwargwadon hali, mai tsaron ƙofa kuma ya yi muku maraba, to magana ta ƙare, sauran na mai kallo ne. In wani ya wuce kallo ya furta magana, kada ku tsaya cacar baki da shi a gaban jama'a. Ku gaya wa shugaban masu hidima na ɗakin, aikinsa ne, kuma canza muku tebur ba ya ɗaukar minti biyar. In da wata larura da za ta hana ɗayanku bin dokar, ku je ku same shi tun ranar farko da rana, lokacin da ɗakin babu kowa. Zai rubuta a gefen lambar teburinku, duk wanda ke ƙofa a daren zai gani.

Wajen haɗa kaya, tunda jirgin sama za ku fara hawa kuma akwati ɗaya galibi kilo 23 aka yarda, kada ki ɗauki kayan ado kala biyu don dare biyu. Kala ɗaya ya isa, babu mai riƙe lissafi. Ɗakunan cin abinci da na wasanni suna da sanyin na'ura sosai, ki zo da abin yafawa. Dogon takalmi mai tsini yana wahalarwa in teku ta ɗan motsa. Ku raba kayanku tsakanin akwatunan biyu, rabin naki a nasa, rabin nasa a naki, ta yadda in ɗaya ya ɓata ba wanda zai rasa komai gaba ɗaya. A jakar hannu ku sa magunguna da takardu da kayan canji kala ɗaya, domin ranar shiga jirgi akwati kan kai yamma bai iso ɗaki ba. Daren ƙarshe kuma za a ce ku fitar da akwatunanku bakin ƙofa kafin ku kwanta, ma'aikata su kwashe cikin dare, ba za ku sake ganinsu ba sai kun sauka a tasha. Kafin ki zuge zif ɗin, ki ware kayan da za ku sa da safe, har da takalma.